Zaɓen cike gurbin Clare na 1828: kujera ɗaya da ta tilasta wa Birtaniya canja doka

Wani ɗan'uwa ya aiko da wannan tambaya: "Malam, duk lokacin da aka yi zaɓen cike gurbi sai ka tarar da rumfunan zaɓe fayau, 'yan jam'iyya ne kawai ke ta kumfar baki. Shin a tarihi an taɓa yin zaɓen kujerar majalisa guda ɗaya tak da ya canja wani abu na gaske a ƙasa, ko kuwa kullum toshe rami ne kawai?"

An taɓa, ɗan'uwa, ba sau ɗaya ba. Amma in aka ce in ɗauki guda, lardin Clare zan kai ka, can yammacin tsibirin Ailan, a farkon watan Yulin 1828. Don ka gane nisan zamanin, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato. Mutum 3,039 ne suka kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe. Cikin wata tara, Firaministan Birtaniya, wato Duke na Wellington, janar ɗin da ya karya Napoleon a Waterloo, da hannunsa ya tura wa majalisa ƙudurin rushe wata doka da ta shekara 150 tana aiki, alhali magoya bayansa sun ɗora shi ne bisa tsammanin zai tsare ta.

Bari mu fara da dokar. Tun 1678 duk wanda zai zauna a majalisar Ingila sai ya tashi gaban 'yan'uwansa ya yi rantsuwa iri biyu. Ta farko, cewa Fafaroma ba shi da wani iko a ƙasar, ko da na addini ne. Ta biyu, ya furta da bakinsa cewa babbar ibadar 'yan Katolika da ake kira Mas, da roƙon ceto da suke yi ta hannun Nana Maryamu da waliyyai, camfi ne da bautar gumaka. Ka auna da kanka: a ce mutanen garinku sun zaɓe ka, ka isa ƙofar majalisa, sai a miƙo maka takarda a ce kafin ka zauna sai ka rantse cewa ibadarka ƙarya ce. Babu ɗan Katolika na ƙwarai da zai iya. Ka ga dokar ba ta ce kada ɗan Katolika ya tsaya takara ba, ƙofar zama kawai ta toshe. Ka riƙe wannan bambanci, don a kansa labarin duka ya rataya.

A Ingila 'yan Katolika tsiraru ne, don haka abin bai dami kowa ba. Ailan kuwa ta kai mutum miliyan bakwai a lokacin, kuma wajen huɗu cikin biyar Katolika ne. A 1801 aka rufe majalisar Ailan da ke Dublin, aka haɗe Ailan da Birtaniya, aka ba ta kujeru 100 a majalisar wakilai ta Landan. Firaministan lokacin, William Pitt, ya sa wa 'yan Katolika rai cewa da zarar an haɗe za a buɗe musu ƙofa. Sarki George na Uku ya ce atafau, hakan karya rantsuwar naɗinsa ne. Pitt ya ajiye aiki, alkawari ya bi ruwa. Haka aka yi ta tafiya kusan shekara talatin: kujeru ɗari na ƙasar Katolika, ko ɗaya babu ɗan Katolika a kai.

To amma suna da ƙuri'a. Tun 1793 aka ba su damar zaɓe, kuma sharaɗin a ƙauyuka mai sauƙi ne: mutum ya rantse cewa gonar da ke hannunsa tana bar masa rarar sule arba'in a shekara, wato fam biyu, bayan ya biya kuɗin haya. Su ake kira 'yan sule arba'in. Yawancinsu matalauta ne tuburan, masu ɗakin laka da jinka, abincinsu dankalin Turawa safe da dare, ga kuɗin haya ga ushirin amfanin gona da ake karɓa a hannunsu dole don cocin Furotesta, wato Kiristocin da ba sa bin Fafaroma, cocin da ba sa shiga. Masu ƙasa, waɗanda akasarinsu Furotesta ne, da gangan suke yayyanka filayensu ƙanana-ƙanana suna rabawa, domin kowane ɗan haya ƙuri'a ce a aljihun maigida. Wanda ya fi yawan 'yan haya shi gwamnati ke zawarci da muƙamai.

Ƙuri'ar sirri kuwa babu ita sai 1872. Mu da muka san ƙato-bayan-ƙato mun ɗan ɗanɗana abin, amma nasu ya fi tsanani. Mutum zai hau gaban malamin zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da babbar murya, a rubuta a littafi, wakilin maigidansa na tsaye yana ji. Kusan kowa kuma da bashin haya a kansa, wanda maigida ke iya nema a biya nan take, in ba haka ba a fitar da mutum da iyalinsa titi. Ranar zaɓe sai ka ga maigida a kan doki ko cikin keken doki, 'yan hayarsa na biye a ƙasa, a kai su a dawo da su. A al'adar manyan lokacin, ka je neman ƙuri'ar 'yan hayar wani ba da izninsa ba, cin mutunci ne da kan kai ga a yi fito-na-fito da bindiga.

Wanda ya gano cewa wannan makami yana iya juyawa kan masu shi, shi ne Daniel O'Connell. An haife shi a 1775 a lardin Kerry, ya yi karatu a Faransa daidai lokacin juyin juya halinta, ya baro ta a farkon 1793. Abin da ya gani can, da kuma jinin da aka zubar a tawayen Ailan na 1798, ya sa har ya mutu bai yarda da ɗaukar makami ba. Lauya ne da babu kamarsa a zamaninsa, amma addininsa ya hana a ba shi babban matsayin lauyoyi, yana kallo ana ɗaukaka waɗanda ba su kai shi ba. A 1823 shi da Richard Lalor Sheil suka kafa Ƙungiyar Katolika. Da farko ta manya ce, kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka. A 1824 ya fito da dabarar da ta canja komai: kowa na iya zama ɗan ƙungiya da kwabo ɗaya a wata, sule ɗaya ke nan a shekara, ana tarawa a ƙofar coci ranar Lahadi. Cikin shekarar farko aka tara kusan fam 20,000. Kuɗin ya yi amfani, ana ɗaukar wa talakawa lauyoyi da shi, ana buga jaridu. Amma abin da ya fi kuɗin shi ne wanda ya ba da kwabonsa ya fara jin cewa tafiyar tasa ce. Gwamnati ta haramta ƙungiyar a 1825, O'Connell ya duba dokar da idon lauya ya sake kafa ta da sabon suna.

An fara gwada ƙarfin a babban zaɓen 1826. A lardin Waterford gidan Beresford sun daɗe suna riƙe da kujera kamar gadon gidansu, sai ga 'yan hayarsu sun juya musu baya sun zaɓi Henry Villiers Stuart, matashi ɗan Furotesta mai goyon bayan 'yancin Katolika. An ga irin haka a Louth da Monaghan da Westmeath. Masu ƙasa suka huce a kan talakawa da takardun kora, ƙungiya kuma ta buɗe sabon asusu don biyan bashin waɗanda aka matsa wa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya faru a Clare girbin shekara biyar ne.

Yanzu ga yadda gurbin ya samu, kuma ba mutuwa ce ta kawo shi ba. Wellington ya zama Firaminista a Janairun 1828, a ƙarƙashin jam'iyyar Tory, da Robert Peel a matsayin ministan cikin gida kuma jagoran gwamnati a majalisar wakilai. Su biyun an san su da adawa da buɗe wa Katolika ƙofa, Peel ma har laƙabi aka yi masa saboda haka. Jam'iyyar Whig da ke adawa, yawancinta tana goyon bayan a buɗe, ita kanta Tory kuma a rabe take. A watan Mayu minista William Huskisson da abokansa masu sassaucin ra'ayi suka fice daga gwamnati, kujerar ministan kasuwanci ta zama babu kowa, aka ba William Vesey FitzGerald, ɗan majalisa mai wakiltar Clare tun 1818. A dokar lokacin, duk ɗan majalisar da ya karɓi muƙamin minista sai ya koma mazaɓarsa a sake zaɓensa. Sai 1926 aka soke wannan ƙa'ida gaba ɗaya, kuma ni a ganina ƙa'ida ce mai ma'ana, domin tana ba jama'a damar cewa sun yarda ko ba su yarda wakilinsu ya shiga gwamnati ba. Galibi dai cika sharaɗi ne, ba a ma fitowa takara da mutum.

FitzGerald kuwa ba ɗan takarar da ake sa ran kayarwa ba ne, kuma nan labarin ya fi armashi. Ɗan Furotesta ne, amma kullum ƙuri'arsa a majalisa tana tare da 'yancin Katolika. An shaide shi da kyautata wa 'yan hayarsa. Mahaifinsa ya taɓa rasa babban muƙami saboda ƙin goyon bayan haɗewar 1801, abin da ya sa gidansu ke da farin jini. Duk manyan Clare, Tory da Whig, suna bayansa. Laifinsa ɗaya: ya shiga gwamnatin Wellington, ƙungiya kuma ta riga ta yanke shawarar yaƙar duk wanda ya mara wa wannan gwamnati baya.

Sai aka shiga neman ɗan Furotesta da zai kara da shi. Aka tuntuɓi Manjo William Macnamara, ya ce shi ba zai iya ba, akwai mutunci tsakanin gidansu da na FitzGerald. Lokaci na ƙurewa. A nan aka kawo wa O'Connell shawarar da a farko ta yi kama da hauka: shi da kansa ya fito. A ranar 24 ga Yuni ya bayyana takararsa. A takardar da ya rubuta wa mutanen Clare ya gaya musu ƙarara cewa za a ce musu bai cancanci a zaɓe shi ba, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Doka ta yarda a zaɓe shi, rantsuwar ce ba zai taɓa yi ba, kuma in suka tura shi, zai je ƙofar majalisa ya ga wanda zai hana wakilin jama'a zama.

Mako guda kacal ya rage. 'Yan ƙungiya suka bazama cikin lardin, daga coci zuwa coci, daga kasuwa zuwa kasuwa. A gaba akwai O'Gorman Mahon da Thomas Steele, wanda shi mai ƙasa ne ɗan Furotesta amma ya ba O'Connell ransa. Su biyun suka sanar cewa duk maigidan da yake ganin an ci masa fuska don an yi wa 'yan hayarsa magana, to a shirye suke su haɗu da shi da bindiga. Limaman Katolika na ƙauyuka suka shigo da ƙarfinsu, suna wa jama'a huɗuba da harshen Ailan na asali, wanda shi talakan Clare ke ji, shi ma O'Connell da shi ya tashi.

A garin Ennis, hedikwatar lardin, aka yi zaɓen. Ranar 30 ga Yuni aka gabatar da 'yan takara, aka fara kaɗa ƙuri'a washegari, aka kwana biyar ana yi. Ranar gabatarwa FitzGerald ya yi jawabi mai taɓa zuciya, da ya zo kan mahaifinsa da ke kwance ba lafiya sai hawaye suka zubo masa, har abokan hamayya jikinsu ya yi sanyi. O'Connell ya miƙe ya wargaza wannan tausayi ba tare da sassauci ba, ya jingina shi da duk wani Tory da talakan Ailan ya tsana. Ban ce ya yi masa adalci ba. Amma ya san in ya bari taron ya watse da tausayin FitzGerald, an gama da shi.

Abin da ya faru a kwanakin nan biyar shi ya girgiza Landan. Masu ƙasa suka taho da 'yan hayarsu kamar yadda aka saba. Ana isowa bakin gari sai a tarar da limamin ƙauyensu a tsaye, ya yi musu 'yar magana, sai ka ga ayari ya bar maigida shi kaɗai ya bi bayan limami zuwa rumfa. Fada Murphy, limamin ƙauyen Corofin, ya yi suna a wannan aiki. Mutum ya hau gaban malamin zaɓe, ya san wakilin maigidansa na rubuta sunansa, ya san akwai bashi a kansa, ya san matarsa da 'ya'yansa na iya kwana a titi kafin hunturu, ya buɗe baki ya ce O'Connell. Na daɗe ina karantar da tarihin zaɓe, kuma har yau ban san wani misali na jarumtar talaka da ya fi wannan tsaya mini a rai ba.

Dubban mutane sun cika Ennis, har da waɗanda ba su da ƙuri'a, suna kwana a fili. Gwamnan Ailan, Lord Anglesey, ya girke sojoji kusa da garin yana jiran tarzoma. Tarzoma ba ta zo ba. Zaɓen wancan zamani an san shi da giya da doke-doke, amma a wannan karon jama'a suka ɗauki alkawarin ba za su taɓa barasa ba har a gama, kuma suka cika. Wannan natsuwa ta fi tarzoma tsorata hukuma. Masu jifa da duwatsu soja ya san yadda zai yi da su. Dubban mutane masu yunwa da ke bin umarni ɗaya, ba maye ba hayaniya, waɗannan runduna ce da ba ta riga ta ɗauki makami ba.

Ranar 5 ga Yuli aka bayyana sakamako: O'Connell 2,057, FitzGerald 982. FitzGerald ya rubuta wa Peel cewa duk manya da masu hali sun zaɓe shi, amma talakawa sun gudu gaba ɗaya, kuma abin da wannan ke nunawa game da gaba abin tsoro ne.

Akwai abin da ya kamata in faɗa don kada in yi maka kwalliya. Waɗannan manoma ba cikin cikakken 'yanci suka zaɓa ba. Gaba kura ce, baya sayaki. Maigida na barazana da kora, limami na cewa daga kan mumbari duk wanda ya zaɓi FitzGerald ya sayar da addininsa, maƙwabta kuma ba za su sake gaisawa da shi ba. Masu sukar O'Connell sun ce an dai sauya wa talaka makiyayi ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban yarda ƙarfin biyu ɗaya ba ne. Limamin ƙauye ɗan manomi ne kamarsu, da kwabbansu yake ci, ba shi da ɗan sanda ba shi da kotu. Maigida ke da ikon rushe ɗaki. Wanda ya bi limami ya zaɓi hanyar da ta fi tsada a gare shi, kuma ya san haka.

To me ya sa kujera ɗaya cikin 658 ta durƙusar da gwamnati? Nan ne ainihin amsar tambayarka. Wellington soja ne, lissafi ya yi. Ailan na da larduna 32, kowanne da kujeru biyu, 64 ke nan cikin ɗari. In FitzGerald, wanda ya fi kowa kyakkyawar shaida, ya faɗi da rata fiye da ninki biyu, to wane ɗan gwamnati ne zai tsira a kudu da yammacin Ailan a babban zaɓe mai zuwa? Za a wayi gari da 'yan majalisa gommai waɗanda jama'a suka zaɓa bisa doka, an hana su zama a Landan. Me zai hana su taru a Dublin su ce su ne majalisar Ailan? In kuma aka ce a murƙushe su da ƙarfi, kaso mai yawa na sojojin Birtaniya 'yan Ailan ne Katolika, Anglesey kuma ya riga ya rubuto cewa ba shi da tabbas a kan biyayyarsu. A arewacin tsibirin 'yan Furotesta sun fara kafa ƙungiyoyin mayar da martani, ɓangarorin biyu suna gab da gwabzawa. Ga shi kuma ita majalisar wakilai a watan Mayun shekarar ta riga ta nuna goyon bayan sassauci da rinjayen ƙuri'a shida, don haka ba za ta ba shi dokar ta-ɓaci ba tare da an magance tushen matsalar ba. Zaɓen cike gurbi yana yin tasiri ne idan ya nuna wa mai mulki abin da ke jiransa a sauran mazaɓu, kuma ya gamsu cewa abin zai maimaitu.

Sauran aikin na shawo kan nasu ne, kuma bai zo da sauƙi ba. Peel ya so ya ajiye aiki, Wellington ya roƙe shi ya tsaya, don babu wanda zai iya ratsa majalisa da ƙudurin sai shi. Peel yana wakiltar Jami'ar Oxford ne, cibiyar malaman cocin Ingila, waɗanda suka zaɓe shi musamman saboda adawarsa da Katolika. Ya ga mutunci ya hukunta ya sauka ya sake neman amincewarsu. Aka yi wani zaɓen cike gurbin a Fabrairun 1829, Sir Robert Inglis ya kayar da shi da ƙuri'a 755 a kan 609. Sai da aka samo masa kujerar wani ƙaramin gari mai suna Westbury, wadda ke aljihun wani attajiri, kafin ya koma majalisa. Sarki George na Huɗu kuwa ya yi ta jan ƙafa. Ranar 4 ga Maris ya shafe sa'o'i yana musu da ministocinsa a fadar Windsor har suka rabu a kan sun sauka, da dare ya ga babu wanda zai iya kafa wata gwamnati, ya aika musu takarda su ci gaba. Washegari Peel ya tashi ya yi jawabin fiye da sa'a huɗu yana kare abin da ya shekara da shekaru yana yaƙa. Wani daga cikin iyayen majalisa, Lord Winchilsea, ya zargi Wellington da yaudara, har Firaminista mai ci, yana dab da shekara sittin, ya fita fili da bindiga suka fuskanci juna ranar 21 ga Maris. Allah ya kiyaye ba a ji wa kowa ba. A majalisar dattawa Wellington ya ce ya fi yawancin mutane daɗewa a fagen fama, ya san yaƙin basasa da idonsa, kuma zai ba da ransa don ya kare ƙasarsa daga wata ɗaya na irinsa. Ranar 13 ga Afrilun 1829 sarki ya sa hannu. Aka soke tsohuwar rantsuwa, 'yan Katolika suka sami damar zama a majalisa da riƙe kusan dukkan muƙamai, in ban da 'yan kaɗan na can ƙoli.

Jam'iyyar Tory ba ta warke daga wannan ba. Masu tsattsauran ra'ayinta suka ɗauki Wellington da Peel maciya amana, suka haɗa kai da 'yan adawa suka kayar da gwamnati a Nuwambar 1830. Whig ta hau ƙarƙashin Lord Grey, ita ta kawo babbar dokar gyaran zaɓe ta 1832. Masu fafutukar gyara a Ingila ma sun kwaikwayi tsarin O'Connell na ƙungiya mai ƙananan kuɗin shiga da manyan taruka. Ƙofar da aka buɗe ta ci gaba da faɗaɗa a hankali: Bayahude na farko da ya zauna bisa addininsa, Lionel de Rothschild, sai 1858 bayan an sha zaɓensa ana hana shi, Musulmi na farko a majalisar wakilai kuma, Mohammad Sarwar, a 1997. Ita kanta Clare ta sake maimaita tarihi a Yulin 1917, lokacin da Éamon de Valera, ɗan fafutukar 'yancin kan Ailan, ya ci zaɓen cike gurbin gabashin lardin, ya ƙi zuwa Landan, kuma bayan kimanin shekara ɗaya da rabi abin da Wellington ya ji tsoro ya tabbata, zaɓaɓɓun 'yan majalisa suka taru a Dublin suka ce su ne majalisar ƙasa.

Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi ci mini rai. A ranar da sarki ya sa hannu a dokar 'yanci, ya sa hannu a wata doka ta biyu, wadda ta ɗaga sharaɗin zaɓe a lardunan Ailan daga sule arba'in zuwa fam goma. Da alƙalami ɗaya masu ƙuri'a suka ragu daga wajen 216,000 zuwa wajen 37,000. Ita ma Ƙungiyar Katolika an haramta ta. Gwamnati ta gane ainihin inda ƙarfin yake, ta ba da abin da aka nema, ta karɓe makamin da aka nema da shi. Su wa suka amfana da kujerar majalisa da rigar alƙali? Lauyoyi da 'yan kasuwa da masu ƙasa na Katolika. Manomin da ya sa ɗakinsa a caca a Ennis ba zai taɓa zama ɗan majalisa ba, ƙuri'ar nan ita kaɗai ce abin da yake da shi wanda manya ke buƙata, ita kuma aka ƙwace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

O'Connell yana da nasa alhaki a nan. A 1825 ya taɓa yarda a sadaukar da 'yan sule arba'in a musanya da 'yanci, don a lokacin yana ganin ƙuri'unsu na iyayen gidansu ne. Bayan Waterford ya fito ya ce ya yi kuskure, ya yi alkawarin ba zai sake barin a taɓa su ba. Da 1829 ta zo ya nuna rashin amincewa, amma bai ɗaga ƙasa a kai ba kamar yadda ya iya, abokansa na Whig ma suka bar dokar ta wuce don kada a rasa babbar. Za a iya cewa ba shi da zaɓi, in ya ja, sarki zai sami hujjar fasa komai. Na fahimci wannan hujja. Duk da haka ina ganin mutanen da suka tsaya masa da bakinsu a gaban iyayen gidansu sun cancanci ya yi musu faɗan da ya fi wanda ya yi.

Shi ma ba a bar shi ya shiga salin-alin ba. An tsara sabuwar dokar yadda ba za ta shafi wanda aka zaɓa kafin ta ba. Ranar 15 ga Mayun 1829 ya zo majalisa, aka miƙa masa tsohuwar rantsuwa, ya ƙi. Aka ba shi dama ya kare kansa daga bakin zaure, ya yi, majalisa ta ƙi da ƙuri'a 190 a kan 116. Da aka sake miƙa masa takardar ya duba ya ce a ciki akwai magana ɗaya da ya san ƙarya ce, da wata da ya yi imani ba gaskiya ba ce, don haka ba zai rantse ba. Aka ce kujerar Clare babu kowa, a sake zaɓe. Ranar 30 ga Yuli aka sake bayyana shi a Ennis, babu abokin hamayya. Ya zauna a majalisa ranar 4 ga Fabrairun 1830. Yawancin mutum 2,057 da suka kira sunansa a bara, a wannan karon sunayensu ba sa cikin rajistar masu zaɓe.